Daga majema zuwa tawada mai rai: tarihin gyaran jikin ɗan Adam da rabon ƙasar Kurfai a cikinsa

Kalmar tawada tsohuwa ce a bakin Bahaushe. Daga Larabci ta shigo, tare da allo da alƙalami, ta zauna a zaurukan malamai. Almajiri kan niƙa gawayi, ya dama shi da ruwa, ya zuba ƙaro domin ta yi kauri ta kama allo. Tun da daɗewa kuma jama'a sun san tawadar da ake yi domin jiki, wato rubutun sha, wanda ake wankewa a ba majinyaci da fatan samun sauƙi daga Allah. A farkon ƙarni na 21 masana aikin likita sun ɗauki wannan kalma a harsunansu, suka raɗa wa wani sabon abu: wani ruwa mai kauri, wanda ake samu daga naman dabba ko na mutum, a zuba masa ƙwayoyin rai, a ɗura shi cikin na'urar ɗab'i, ita kuma ta gina guntun fata ko guringuntsi da shi. Wanda ya ji labarin karon farko zai ɗauka almara ce. Amma tarihi ya nuna cewa wannan tawada ba daga sama ta faɗo ba. Tushenta yana kwata da majema, wurare biyu da ƙasar Kurfai ta sani sarai, kuma cikin masu jiran amfaninta har da yaran karkarar Sahel.

Ƙasar dabba da fata

Filinge, babban garin Kurfayawa, yana cikin jahar Tilaberi, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a gefen Dallol Boso, tsohon kwarin da ruwan ƙasa ba ya nisa a cikinsa. Nan manoman gero suka daɗe suna cuɗanya da Buzaye da Fulani, kuma dukiyar ƙasar ta fi ƙarfi a kan dabba. Wannan ne ya sa a 1954 aka kafa tashar kiwo ta Tukunus, kimanin kilomita 20 arewa da Filinge, domin zaɓe da inganta shanun Azawak, waɗanda suka yi suna wajen nono da juriyar fari.

Inda dabba take, nan mahauci yake, nan majemi yake, nan baduku yake. Aikin majemi ya cancanci a dube shi da kyau, domin shi ne mabuɗin fahimtar sauran labarin. Yakan jiƙa fata, ya sa ta cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare nama da kitse, ya tausasa ta, sa'an nan ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa. Duk abin da ke ruɓewa ya fita. Abin da ya rage a hannunsa wata saƙa ce ta zaruruwa masu ƙarfi, wadda masana ke kira kolajin. Da irin wannan aiki fatun jan awakin Maraɗi da Sakkwato suka ratsa Sahara, har Turawa suka riƙa sayensu da sunan fatar Maroko, ba tare da sanin asalinsu ba.

Jikin mutum da na dabba kamar saƙar zuma yake. Akwai ƙwayoyin rai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, su ne masu ci da numfashi da hayayyafa. Akwai kuma saƙar da suka gina suke zaune a ciki, wadda ke riƙe siffar gaɓa. Kolajin shi ne babban zaren wannan saƙa, kuma ya kai kusan kashi 1 cikin 3 na dukan furotin da ke jikin mutum. Uwargida ma ta san shi, ko da ba ta san sunansa ba: shi ne ke narkewa idan ta dafa ƙafar sa, ya sa romo ya daskare idan ya kwana cikin sanyin hunturu.

Faci daga jikin mai rigar

Kafin zuwan likitocin zamani, gyaran jiki a ƙasar Hausa yana hannun wanzami da mai ɗori. Wanzami ya yi kaciya, ya yi ƙaho, ya tsaga maruru. Mai ɗori ya daidaita ƙashin da ya karye, ya ɗaure shi da karare, ya bar jiki ya haɗa kansa. Dukansu sun dogara ga abu guda: jiki yana da ikon warkar da kansa idan aka taimaka masa. Iyakarsu kuwa ita ce inda nama ya tafi gaba ɗaya, kamar hancin da ya gutsure ko fatar da wuta ta cinye. Nan babu abin da za a ɗaure.

Wannan iyaka ta dami masu magani a ko'ina cikin duniya. A Indiya, littafin da ake danganta wa Sushruta ya bayyana yadda ake yanko fata daga fuskar mutum a gyara masa hanci. A Andalus, Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba wanda ya rasu wajejen 1013, ya yi bayanin ɗinka rauni da zaren hanjin dabba, zaren da jiki ke narkar da shi da kansa. A 1597 Gaspare Tagliacozzi na Bolonya ya wallafa hanyar gina hanci da fatar damtse. A 1869, a birnin Paris, Jacques-Louis Reverdin ya nuna cewa ana iya yanko ƙananan guntayen fata a dasa su kan gyambo su kama. Yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918, wanda aka ɗebi sojoji daga Afirka ta Yamma domin sa, ya bar dubban mutane da fuska a farfashe, kuma a kansu ne Hippolyte Morestin a Faransa da Harold Gillies a Ingila suka gina ilimin gyaran fuska na zamani.

Duk waɗannan dabaru tela ne mai yanko ƙasan riga domin ya yi wa wuyanta faci. Rigar ta gyaru, amma ta gajarta. Dalilin da ya hana a ɗauko ƙyalle daga wata riga kuwa, Peter Medawar ne ya fayyace shi a shekarun 1940: jiki yana gane ƙwayoyin da ba nasa ba, ya yaƙe su har su mutu. Shi ya sa dashen ƙoda na farko da ya ɗore, wanda Joseph Murray ya yi a Boston a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi.

Cutar da ke cin fuska

Babu inda wannan matsala ta fi bayyana a yankin Sahel kamar a cutar da likitoci ke kira noma. Sunan ya yi kama da noman gona, amma ba su da dangantaka. Daga Girkanci yake, daga kalmar da ke nufin kiwo, domin cutar tana cin fuska kamar yadda garke ke cinye ciyawa. Takan fara da ɗan gyambo a dasashin yaro, mafi yawa tsakanin shekara 2 zuwa 6, wanda yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Cikin kwanaki kaɗan sai ta huda kunci, ta ci leɓe, ta kai ga hanci da ƙashin muƙamuƙi. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 1998, yara 140,000 ke kamuwa da ita kowace shekara, kuma kusan 9 cikin 10 na waɗanda ba su sami magani ba suna rasuwa. Ƙasar da ta ga yunwar 1931, da farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, da ƙarancin abincin 2005, ba ta buƙatar a faɗa mata inda irin wannan cuta ke samun ƙofa.

Wanda ya tsira yakan rayu da rami a fuska, ko da baki a ɗaure, ba ya iya buɗewa ya ci ko ya yi magana sosai. Sau da yawa akan ɓoye shi cikin gida, a ce iska ce ta taɓa shi. Tun daga shekarun 1990 ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis take kula da irin waɗannan yara a Damagaram, ƙungiyar Hilfsaktion Noma ta Jamus ma ta yi aiki a Nijar, kuma a 1999 aka buɗe asibitin yara masu wannan cuta a Sakkwato. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta.

Aikin da likitoci ke yi wa waɗannan yara har yanzu na tela ne. Sukan yanko fata da tsoka daga ƙirji, ko baya, ko goshi, wani lokaci har da ɓallin ƙashi daga ƙoƙon kai, su rufe ramin. Yaro guda yakan shiga tiyata sau da dama, kuma kowane faci yana barin tabo a inda aka yanko shi. A nan ne ake gane darajar tambayar da masana suka shafe fiye da shekara 50 suna bi: shin ana iya samun ƙyallen da jiki ba zai ƙi ba, ba tare da an gajarta rigar ba?

Likitoci a majema

Amsar farko daga dabba ta zo. A ƙarshen shekarun 1960 Alain Carpentier, likitan zuciya a Paris, ya jiƙa marfin zuciyar alade cikin wani sinadari mai suna gulutaraldehid kafin ya dasa wa mutum. Sinadarin nan ana aiki da shi a masana'antun jima, kuma abin da yake yi wa nama shi ne abin da bagaruwa ke yi wa fata. A 1971 Marian Ionescu, a birnin Lids na Ingila, ya ɗinka marfin zuciya da tantanin da ke lulluɓe zuciyar sa. A 1981 John Burke da Ioannis Yannas na Boston suka ba da rahoton fatar wucin gadi da suka yi da kolajin na shanu, suka rufe ƙunar wuta da ita.

Sai dai akwai bambanci tsakanin manufar majemi da ta likita. Majemi yana so fata ta daɗe ba ta ruɓe ba, saboda haka yakan rufe ta yadda babu mai rai da zai sake zama a cikinta. Likita kuwa gida yake nema wanda aka share, aka bar ƙofofinsa a buɗe, domin sababbin mazauna su shigo. Stephen Badylak, a Amurka, tun daga ƙarshen shekarun 1980, ya nuna cewa idan aka wanke tantanin hanjin alade aka fitar da ƙwayoyinsa, aka dasa shi, ƙwayoyin mai karɓa sukan shiga su mamaye shi, su maishe shi nasu. A 1993 Robert Langer da Joseph Vacanti suka wallafa maƙalar da ta shimfiɗa wannan fanni a matsayin ilimi mai zaman kansa. A 2008 kuma, a jami'ar Minesota, Harald Ott da Doris Taylor suka wanke zuciyar ɓera har ta zama fara fat, babu ƙwayar rai ko ɗaya, suka zuba mata sababbin ƙwayoyi, bayan kwana 4 ta fara bugawa a hankali. Darasin ya fito fili: yawancin abin da jiki ke ƙi yana cikin ƙwayoyin, saƙar kuwa tana kama da juna tsakanin dabba da mutum, kuma tana ɗauke da alamomin da ke gaya wa ƙwaya irin aikin da za ta yi.

Yadda ake dama tawadar

A wani gefen kuma na'urar ɗab'i tana tata tafiyar. A 1986 Charles Hull ya sami rajistar dabarar gina abu hawa-hawa bisa umarnin kwamfuta. Wanda ya taɓa kallon ginin rumbun laka ya riga ya fahimci dabarar: magini ya ɗora zagaye guda, ya jira ya sha iska, ya ɗora wani a kai, har rumbu ya tashi. A 2003 Thomas Boland, a jami'ar Kilemson, ya gyara na'urar buga takarda irin ta ofis, ya zuba mata ƙwayoyin rai a maimakon tawada, kuma ƙwayoyin suka rayu. A Faransa ma kamfanin Poietis, wanda aka kafa kusa da Bordo a 2014, ya bi hanyar ɗab'i da hasken leza.

Matsalar ita ce ƙaron. Ƙwayoyi ba sa tsayuwa su kaɗai, kamar yadda gawayi ba ya kama allo sai da ƙaro. An gwada sinadaran ciyawar teku da na roba, amma ƙwayoyin sukan zauna cikinsu kamar baƙi. A 2014 Falguni Pati da Dong-Woo Cho da abokan aikinsu a jami'ar Pohang ta Koriya ta Kudu suka haɗa hanyoyin biyu. Suka ɗauki zuciya da guringuntsin alade da kitsen mutum, suka wanke kowanne, suka narkar da saƙarsa ta zama tawada. Suka ga ƙwayoyin da aka sa cikin tawadar guringuntsi sun karkata ga zama guringuntsi, na cikin tawadar kitse sun karkata ga zama kitse.

Matakan aikin ba za su zama baƙi ga majemi ba. A karɓo nama daga kwata, a yayyanka shi ƙanana, a yi ta wanke shi da sinadarai dangin sabulu na kwanaki har ƙwayoyin su fita. Ma'aunin da masana suka fi bi tun 2011 shi ne kada ragowar sinadarin gado ya kai nanogiram 50 cikin kowane miligiram na busasshen nama. Daga nan a busar da shi cikin tsananin sanyi, a niƙa, a narkar da shi da pepsin, wato sinadarin da tumbi ke narkar da abinci da shi, a daidaita tsaminsa, a zuba ƙwayoyin majinyaci. Abin mamaki, halinta kishiyar na romon ƙafar sa ne: cikin sanyi ruwa ce, sai ta ji ɗumin jiki, digiri 37, take daskarewa.

Inda aka tsaya

Gaskiya ɗaya ce, kuma ya kamata malami ya faɗe ta ga ɗalibansa ba tare da ƙari ba. A 2019 Tal Dvir na jami'ar Tel Abib ya buga ƴar ƙaramar zuciya da kitsen cikin mutum, girmanta kamar zuciyar zomo, amma ba ta iya tura jini. A 2022 kamfanin 3DBio Therapeutics ya sanar da cewa an dasa wa wata budurwa mai shekara 20 kunnen da aka buga da ƙwayoyin guringuntsinta cikin tawadar kolajin. Zuciya, ko ƙoda, ko hanta cikakkiya kuwa, ba a kai ga buga ta a dasa wa mutum ba. Babban cikas jijiyoyin jini ne: ƙwaya ba ta rayuwa idan ta yi nisa da jini fiye da kimanin kashi 1 cikin 5 na milimita, kuma kunci ko leɓe yana buƙatar fata da tsoka da jijiya a haɗe. Tawadar kanta tana da laushi, sau da yawa sai an tallafe ta da firam na roba, kuma ta wannan dabba kan bambanta da ta waccan.

Gaggawa ma ta taɓa jawo asarar rai. A 2011, a asibitin Karolinska na Suwidin, Paolo Macchiarini ya dasa wa wani ɗalibi ɗan Eritiriya maƙogwaron roba da aka shafe da ƙwayoyinsa, duniya ta yi ta yabo. Majinyacin ya rasu a 2014, wasu ma suka bi shi, kuma a 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta Suwidin ta yanke wa likitan ɗaurin shekara 2 da rabi. Mutanen da ba su manta da gwajin maganin Trovan kan yara a Kano a 1996 ba suna da hakkin tambaya kafin a gwada musu sabon abu: wa ya ba da izini, wa ya yi bayani, kuma da wane harshe?

Akwai kuma tambayar addini. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashen gaɓa bisa sharuɗɗa, kuma wani taron malamai da likitoci a Kuwait a 1995 ya tattauna hukuncin jelatin da ya sauya daga asalinsa. Duk da haka, yawancin binciken tawadar nan da naman alade aka yi shi, abin da zukatan Musulmi da yawa ba za su natsu da shi ba. Saƙar saniya, ko akuya, ko tunkiya da aka yanka bisa shari'a ba ta da wannan nauyi.

Rabon Kurfai

Daga nan ne labarin ya komo gida. Ƙasar da ta shafe shekaru tun 1954 tana rubuta asalin shanunta a Tukunus ta riga ta san ɗaya daga cikin sharuɗɗan wannan sana'a, domin naman da za a sa a jikin mutum dole a san dabbar da ya fito daga gare ta, da lafiyarta, da abin da ta ci. Sauran sharuɗɗan su ne kwata mai tsabta, da sanyi wanda ba ya yankewa, da likitocin dabbobi, da ɗakunan bincike, da matasan da suka ƙware, irin waɗanda jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ke horarwa. Idan waɗannan ba su samu ba, tarihin fatar Maroko ne zai maimaita kansa: kayan na nan, suna da riba na wasu.

Ga yaron da noma ke barazana gare shi kuwa, lissafin a bayyane yake. Idan aka gane cutar tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki, da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita cikin ƴan kwanaki, kuma allurar ƙyanda tana toshe ɗaya daga cikin manyan ƙofofinta. Babu tawadar da za ta kai wannan araha, kuma rigakafi ya fi magani. Malamin lakkol da ya koya wa ɗalibai su duba bakin ƙannensu, da ƙungiyar da ta fahimtar da iyaye cewa gyambon dasashi mai wari na likita ne tun ranar farko, sun yi aikin da na'ura ba za ta yi ba nan kusa.

Aiki na biyu na harshe ne. Ilimin da ba shi da suna a bakin mutane ba ya zama nasu, kuma wanda bai fahimci abin da za a yi masa ba, yardarsa ba yarda ba ce. Hausa ba ta rasa kayan aiki: tana da jima, da ɗori, da saƙa, da ƙaro, da tawada, kalmomin da masu sana'a suka goge shekaru aru-aru. Majeman da suka rage a garuruwan Dallol, da mahauta, da masu ɗori, suna riƙe da sunayen sassan dabba da matakan aiki waɗanda ba a gama rubutawa ba, kuma masu su suna tsufa. Tattara su aiki ne da ƙungiyoyin al'adu za su iya farawa da littafi da alƙalami kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ɗalibin Filinge da zai tsaya gaban irin wannan na'ura wata rana zai fi saurin gane ta idan ya riga ya san abin da kakansa yake yi a majema.